Yadda ake kwaikwayon halin laka a lokacin girgizar ƙasa, daga ramin gwaji zuwa kwamfuta

"Kawu, duba ka gani, na gama." Ɗan ƙanwata ne, haifaffen Makka, shekararsa biyu da kammala karatun injiniya. Bayan isha'i ne a gidana a Jidda, ya ture farantin shayi gefe ya juyo mini da fuskar laftof. Hoto ne mai ɗaukar ido, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, na wani fili a gaɓar teku wajen Jizan inda ake son kafa bene mai hawa biyar. Na tambaye shi nawa ne ƙarfin lakar da ke zurfin mita takwas. Ya sosa ƙeya, ya ce adadin da manhajar ta zo da shi ya bari. Na ce masa, "To ɗana, ai ba lakar Jizan ka girgiza ba, lakar masu manhaja ka girgiza."

Abin da ke tafe shi ne hanyar da muka bi ni da shi a daren nan da dararen da suka biyo baya. Alƙaluman lissafin na misali ne, na daidaita su don su zo da sauƙi, kada wani ya kwashe su ya zuba a rahotonsa.

Wai ƙasar nan ma tana girgiza?

Tana yi. Bahar Maliya tsaga ce da ke ƙara buɗewa, yankin Larabawa yana ja baya daga Afirka da santimita ɗaya da ɗoriya a duk shekara. Ranar 22 ga Nuwamba 1995 girgiza mai maki sama da 7 ta auku a mashigin Aƙaba, ta taɓa gine-gine a wajajen Haƙal. A 2009 ƙasa ta yi ta motsi a kusa da Al-Ais, arewa maso yamma da Madina, har aka kwashe dubban mutane daga gidajensu. A Janairun 2014 mutanen Jizan sun ji tasu daga wajen Baish. Hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya, mai hedikwata a Jidda, ita ke lura da tashoshin auna motsin, kuma kundin gini na ƙasa, SBC 301, ya tanadi taswirar ƙarfin girgizar da za a yi zane da ita.

Sai dai ƙarfin da ke taswirar na dutse ne. Abin da zai iso gindin gini ya danganta da abin da ke shimfiɗe tsakanin dutsen da harsashi, a gaɓar Jizan kuwa sau da yawa sabka ce: ɓawon gishiri mai tauri a sama, laka da turɓaya masu laushi a ƙarƙashi, ruwan gishiri yana kusa da doron ƙasa, sai an nutsa kafin a tarar da yashi mai ƙarfi.

Yashi jiƙaƙƙe idan aka jijjiga shi yana iya narkewa ya koma kamar kunu. Laka ba kasafai take haka ba, shi ya sa wasu ke ɗaukarta a matsayin mai lafiya. Kuskure ne. Birnin Meksiko ya koya wa duniya wannan a ranar 19 ga Satumba 1985. Cibiyar girgizar tana nesa da birnin da kilomita wajen 350. A kan tudun dutse na'ura ta auna abin da bai wuce 0.04g ba (ana auna ƙarfin jijjiga da g, ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi in yana faɗuwa), amma a kan lakar tsohon tafkin da birnin ke zaune a kai ta auna kusan 0.17g, ƙasa tana lilo sau ɗaya a duk daƙiƙa biyu, benaye masu matsakaicin tsawo suka yi ta zubewa. A 1964 kuma, a Anchorage ta Alaska, laka ce ta saki ƙarfinta, unguwar Turnagain ta zame ta nufi teku.

Ke nan tambayoyi uku kwaikwayonka zai amsa. Nawa lakar za ta ruɓanya girgizar, kuma a wane irin lilo? Za ta yi laushi har ta kasa riƙe abin da ke kanta? Bayan an lafa, nawa za ta zauna? Ka rubuta wadda aikinka ya fi buƙata a saman takarda kafin ka kunna kwamfuta, don ita za ta faɗa maka irin gwajin da za ka kashe wa kuɗi.

Mataki na farko: fili

Abu mafi daraja da za ka kawo daga fili shi ne gudun igiyar gocewa, wadda ke kaɗa ƙasa gefe da gefe, wato Vs, a kowane zurfi. Ana auna shi ta cikin rami: a kwantar da gungumen katako a ƙasa, a taka shi da tayar mota, a buge shi da guduma ta gefe, na'urar da ke cikin ramin ta kama lokacin isowar igiyar. In kana da mazugin CPT, tsinin ƙarfen da ake turawa cikin ƙasa yana auna juriyarta, mai na'urar jin motsi, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga Vs ga juriyar ƙasa santimita bayan santimita. Ƙiyasta Vs daga bugun SPT, wato ƙirga bugun gudumar da ke nutsar da sanda cikin ƙasa, a laka mai laushi, inda sandar ke nutsewa da bugu ɗaya ko biyu, canki-canka ne kawai. Ka kuma yi ƙoƙari aƙalla rami ɗaya ya kai ga ƙasa mai tauri sosai, domin can ne za ka shigar da girgizar.

Daga Vs ake samun taurin farko: Gmax = ρ × Vs², inda ρ shi ne nauyin ƙasar a kowace mita kubik. Lakar misalinmu tana da nauyin kilo 1,700 a kowace mita kubik, Vs kuma mita 120 a daƙiƙa. Gmax ya kama kusan kPa 24,500 (kPa ma'aunin matsi ne). Lura da cewa Vs ninka kansa yake yi, don haka kuskuren kashi 10 cikin ɗari a fili ya zama kashi 21 a tauri.

Sai samfur. A nan zan daɗe, don a nan aka fi yin ɓarna. Laka mai laushi da siririn bututu ake ɗaukarta, irin na Shelby, in da hali mai fistan, faɗinsa kada ya gaza milimita 75. Tura shi ake yi a hankali cikin tafiya ɗaya, ba a buga shi. Da an fito da shi a toshe bakinsa biyu da kakin zuma ko makamancinsa, a tsayar da shi yadda yake a cikin ƙasa, a sa shi a inuwa.

Na taɓa yin asarar aikin mako guda a kan wannan. Mun ɗauki bututu goma sha biyu, na bar wa direba na wuce gaba. Da ya iso na leƙa bayan motar: ga su kwance a kan ƙarfe tsirara, babu ko tsumma a ƙarƙashinsu, sun sha rana sun sha gargada, biyu kakin ya narke ruwa yana ɗiga. Wani dattijo da ke jan injin haƙa ramin, Bahaushen Mai Wurno ne ta Sudan, ya daɗe a aikin tun ina makaranta, ya ɗaga ɗaya ya girgiza a kunnensa ya ce, "Muhandis, wannan kam girgizarta ta riga ta same ta a hanya." Na ce, "Wallahi Baba gaskiyarka." Muka koma muka sake haƙawa. Tun ran gini ran zane: samfurin da ya wahala a mota ba wata manhaja da za ta gyara shi.

Mataki na biyu: ɗakin gwaji

Fara da masu araha. Yawan ruwa, nauyi, da ma'aunin danƙo, PI, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin jiƙewar da laka ke fara malala da wadda take fara karyewa in an murza ta kamar taliya. PI shi ne linzamin kusan duk abin da zai biyo baya. Boulanger da Idriss na Jami'ar Kalifoniya a Davis sun nuna a 2006 cewa daga PI 7 zuwa sama ƙasa halin laka take nunawa, ƙasa da haka kuwa a bi ta da hanyoyin yashi. Sabka takan zo da shimfiɗu iri biyun a cakuɗe, saboda haka kada ka yi wa ramin duka hukunci ɗaya.

Ga wata matsala tamu ta bakin teku. Idan ka busar da samfur a tanda, gishirin da ke narke a ruwan yana zama a cikin busasshiyar ƙasar, ka auna shi a matsayin ƙasa, sai yawan ruwan ya fito ƙasa da gaskiya. Dole a auna gishirin a gyara lissafin. In akwai jibsin, zafin digiri 110 da aka saba yana korar ruwan da ke cikin ƙwayarsa, a sauko zuwa 60. Haka nan in ka kwaɓa samfur da tataccen ruwa wajen gwajin danƙo, ka wanke gishirin ka canza halin lakar.

Daga nan sai gwajin dannawa a odomita, wanda zai ba ka nauyi mafi girma da lakar ta taɓa ɗauka a tarihinta. Raba shi da nauyin haƙiƙa da ke kanta yau, wato bayan an cire matsin ruwa, ka sami OCR, wato ninkin nauyin yau da ta taɓa ɗauka. Wannan gwajin kuma shi ne alƙalin samfurinka: duba yadda ramukan cikin lakar suka matse kafin ta koma nauyinta na fili. A ma'aunin Lunne, ga laka mai OCR 1 zuwa 2, idan wannan matsewar, Δe/e0, ba ta kai 0.04 ba samfurin na ƙwarai ne, idan ya haura 0.07 ka yi hattara da duk abin da ya fito daga bututun.

Sai ƙarfin laka ba tare da ruwa ya tsere ba, wanda alamarsa a lissafi ita ce "su", haka kuma zan riƙa kiransa daga nan. Ka nemo shi ta hanya fiye da ɗaya: fanka mai juyawa a fili, CPT, da gwajin DSS, mai tura saman samfur gefe, ko tirayaksiyal, mai matse shi ta kowane ɓangare. Ka gwada su da ƙa'idar Ladd da Foott ta 1974, wadda ga laka ta yau da kullum take ba da su/σ'v kusan 0.22 × OCR^0.8, inda σ'v shi ne nauyin haƙiƙa. In sun yi hannun riga da juna, tsaya ka gano dalili. Da fankar kuma ka ci gaba da juyawa har lakar ta dagule, ka auna abin da ya rage. Wadda ƙarfinta ya faɗi warwas bayan dagulewa ita ce irin ta Anchorage.

Gwaje-gwajen kai-komo su ne masu tsada. Na murɗa sandar laka, RC, yana ba da tauri da shanye girgiza a ƙananan gocewa. DSS mai kai-komo shi ya fi kama da abin da igiyar girgiza ke yi wa shimfiɗar ƙasa. Ɗauki samfur uku ko huɗu daga shimfiɗa ɗaya, ka ɗora wa kowanne lodi daban, ka ƙirga zagaye nawa ya ɗauka kafin gocewa ta kai kashi 3 cikin ɗari. In kuɗi bai kai ba, kada ka rage ramuka don ka sayi gwajin kai-komo ɗaya tilo. Vs mai kyau da su mai kyau sun fi shi amfani.

Mataki na uku: biro da takarda

Wannan ne matakin da yaron ya tsallake, kuma bai fi rabin awa ba.

Lokacin lilon fili: T = 4H/Vs, inda H shi ne kaurin ƙasa mai laushi. Ƙasa mai laushi mita 14, Vs 120, ya ba da daƙiƙa 0.47. Bene kuwa, a ƙiyasin gaggawa, kowane hawa daƙiƙa 0.1 ne, mai hawa biyar 0.5 ke nan. Ka ga sun haɗu. Kamar mai tura yaro a lilo ne, in turin yana zuwa daidai lokacin da lilon ya dawo, ƙaramin hannu ma sai ya kai shi sama. Gwada lissafin da Meksiko: laka wajen mita 37, Vs wajen 75, ga daƙiƙa biyun nan ta fito.

Sai ajin fili. SBC 301 ya bi sahun kundin Amurka na ASCE 7: matsakaicin Vs na mita 30 na sama in bai kai 180 ba, aji E ne. Haka ma in akwai fiye da mita 3 na laka mai PI sama da 20, ruwa kashi 40 ko fiye, su ƙasa da kPa 25. Aji F, wanda ya wajabta nazari na musamman, ya haɗa da laka mai saurin dagulewa da mai PI sama da 75 in ta yi kauri. Dattijon nan na Mai Wurno yakan ba mu labarin baƙar lakar Jazira ta Sudan, wadda ke darewa da rani har ƙafar mutum ta shige. Danƙonta ya fi na sabka nesa, amma busasshiya ce mai tauri, matsalarta kumburi. Danƙo kaɗai ba ya gaya maka laushi.

Na uku, gwajin laushi. A zurfin mita 8, ruwa yana mita 1: nauyin duka kPa 136, matsin ruwa 70, nauyin haƙiƙa 66. Mu ɗauka girgiza a doron ƙasa 0.15g ce. Da hanyar Seed da Idriss ta 1971, lodin kai-komo CSR = 0.65 × 0.15 × 136/66 × 0.94 (na ƙarshen gyaran zurfi ne), wato 0.19. Juriyar laka, a hanyar Boulanger da Idriss ta 2007, ga girgiza mai maki 7.5 a shimfiɗaɗɗen fili, ita ce 0.8 × su/σ'v. In OCR 1.5 ne, su/σ'v ya zama 0.30, su kPa 20, juriya 0.24, rabonta da lodi kusan 1.3. Lafiya. Amma in OCR 1 ne, juriya ta sauko 0.18, rabon ya koma 0.93. Dubi abin da ya raba "lafiya" da "akwai magana": adadi ɗaya daga odomita, wanda ya dogara da yadda aka ɗauko bututu a bayan mota.

Mataki na huɗu: layukan tauri da shanyewa

Laka tana rage tauri gwargwadon yadda aka gotar da ita, tana kuma ƙara shanye ƙarfin girgizar. Layuka biyu ke bayyana wannan, na G/Gmax da na shanyewa. Vucetic da Dobry sun fitar da nasu a 1991 bisa PI, daga 0 zuwa 200, suka nuna cewa laka mai yawan danƙo tana riƙe taurinta har gocewa ta yi nisa, shanyewarta kuma kaɗan ce. Sirrin Meksiko ke nan, lakarta ta ƙi laushi ta ƙi shanyewa, sai ta miƙa girgizar sama a ruɓanye.

Ni na fi amfani da na Darendeli na 2001, daga Jami'ar Texas a Austin, don ya sa nauyin da ke kan ƙasar a lissafi. Siffarsa: G/Gmax = 1/[1 + (γ/γr)^0.919], inda γ ita ce gocewa, γr kuma gocewar da tauri ke raguwa zuwa rabi. Ga lakarmu mai PI 30 da OCR 1.5 a mita 8, γr ta kama kusan kashi 0.054 cikin ɗari. A gocewar kashi 0.1, saura kashi 36 na taurin. Tunda Vs tushen tauri yake bi, ya sauko daga 120 zuwa 72, lilon filin ya tashi daga 0.47 ya doshi 0.8 in duk shimfiɗar ta yi laushi haka. Filin da ka auna da guduma ba shi ne filin da girgiza za ta tarar a tsakiyar aikinta ba.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama masu koyo. Waɗannan layukan daga gwaje-gwajen da ba su cika wuce gocewar kashi 1 ba aka samo su. In ka ja su zuwa kashi 10, suna nuna wani ƙarfi da babu wanda ya auna. Lissafa shi da kanka: τ = Gmax × G/Gmax × γ, inda τ shi ne lodin gocewar da lakar ke riƙewa. A kashi 10, G/Gmax kusan 0.008 ne, τ ya fito kPa 20, daidai da su ɗinmu. Sa'a ce kawai. Ɗauki wata shimfiɗa da gishiri ya ɗan ɗaure ƙwayoyinta, Vs ya hau 160 amma su yana nan a 20: layin zai ba ta kPa 36. Kwamfuta za ta ɗauka lakar ta kusa ninka ƙarfinta, ta hana ta gocewa. Maganin shi ne ƙirar GQ/H ta Groholski da abokansa ta 2016, da ke cikin manhajar DEEPSOIL, wadda ke bin layin gwaji a ƙananan gocewa sannan ta lanƙwasa ta nufi su ɗin da ka ba ta. Ana iya ɗan ƙara wa su ɗin saboda laka tana ƙara ƙarfi in an tura ta da sauri, kimanin kashi 5 zuwa 10 a duk ninki goma na sauri, amma ni ba na ƙarawa a laka mai saurin dagulewa.

Mataki na biyar: zaɓen ƙirar lissafi

Fara da mafi sauƙi ko da za ka wuce ta. Hanyar SHAKE, wadda Schnabel da Lysmer da Seed suka fitar a Berkeley a 1972, tana zaɓar tauri ɗaya da shanyewa ɗaya ga kowace shimfiɗa, ta yi ta maimaitawa har su dace da kashi 65 na gocewa mafi girma. Strata da DEEPSOIL duk suna yin ta, kyauta. Tana da kyau muddin gocewa ƙarama ce. Da na ga ta doshi kashi 0.4 nake daina yarda da ita.

Daga nan sai hanyar bin lokaci daki-daki, inda laka ke zana zobenta na lodi da saukewa. Tsohuwar ƙa'idar Masing ta 1926 ita ke zana zoben, amma a manyan gocewa tana kumbura shi, shanyewa ta doshi kashi 60, alhali a ɗakin gwaji laka ba ta cika wuce 20 zuwa 25 ba. Kunna gyaran Phillips da Hashash na 2009, MRDF, in ba haka ba kwaikwayonka zai haɗiye girgizar ya ba ka labari mai daɗi.

Raguwar tauri zagaye bayan zagaye kuma Idriss da Dobry da Singh suka siffanta ta a 1978, a kan lakar gaɓar San Faransisko: δ = N^-t, inda δ shi ne kason taurin da ya rage, N yawan zagaye. In t 0.1 ne, bayan zagaye 15 saura kashi 76. Shi t yana girma da girman gocewa, yana raguwa in PI ko OCR sun hau, kuma akwai wata 'yar iyaka ta gocewa, 'yan ɗigo na kashi ɗaya cikin ɗari, wadda ƙasa da ita laka ba ta tara matsin ruwa komai yawan zagayen.

Duk wannan na shimfiɗaɗɗen fili ne. In akwai gangara, bangon tashar jiragen ruwa, ko harsashi mai nauyi, sai ka koma manhajoji irin su FLAC ko PLAXIS ko OpenSees, domin lakar da ke ƙarƙashin gini tana ɗauke da lodin gocewa tun kafin girgiza ta zo. A Wufeng ta Taiwan a 1999, laka ta saki a ƙarƙashin benaye masu tsawo alhali filin da ke gefensu bai nuna komai ba. A nan kada ka yi amfani da ƙirar ƙasa ta Mohr-Coulomb ko ta Cam-Clay yadda suke: a cikin iyakarsu roba ce zalla, ba zobe ba tara matsin ruwa. PM4Silt na Boulanger da Ziotopoulou, na 2018, an gina shi don wannan aikin, kuma manyan adadinsa uku ne: su, ma'aunin tauri Go, da hpo mai saita saurin laushi.

Mataki na shida: gwada ƙwaya ɗaya

Kafin ka gina fili duka, ɗauki ƙwayar ƙasa ɗaya a manhajar ka yi mata abin da aka yi wa samfurinka. Tura ta gefe ɗaya: ta kai su? Yi mata kai-komo a gocewa daban-daban: taurinta da shanyewarta sun hau kan layukanka? Ɗora mata lodin DSS: zagaye nawa ta yi kafin kashi 3? Juya hpo har adadin ya zo kusa da na ɗakin gwaji, sannan ka gwada da wani lodin da ba ka saita da shi ba. Ka ɗora zoben kwamfuta a kan na gwaji a hoto ɗaya ka sa a rahoto. Duk mai duba aikin da ya san abin da yake yi, wannan hoton zai fara nema, ba mai ja da shuɗin ba, wanda sau da yawa kyan ɗan maciji ne.

Mataki na bakwai: shigar da girgizar

Yanka shimfiɗu sirara. Kowace tana wuce mitar da ba ta fi Vs/4H ba (a nan H kaurin shimfiɗar ne), don haka in kana son hertz 30 a lakar Vs 120, kaurinta kada ya wuce mita 1. A raga mai fuska biyu, ƙwaya kada ta fi kashi ɗaya cikin takwas zuwa goma na tsawon igiya mafi gajarta.

Rikodin girgiza daga rumbun PEER, cibiyar binciken girgizar ƙasa ta Berkeley, ake samunsu. Zaɓi waɗanda makinsu da nisansu suka yi kama da abin da ke barazana ga filinka, waɗanda aka ɗauka a kan dutse, ka daidaita su da bakan dutse na kundin, wato layin da ke nuna ƙarfin girgiza a kowane lokacin lilo. ASCE 7 ya ce aƙalla biyar, ni nakan sa bakwai ko fiye. Ga Jizan ka haɗa iri biyu, matsakaiciya ta kusa da babba ta nesa daga cikin teku, don ta biyun ta fi tsawo, zagayenta sun fi yawa, ita laka ta fi jin jiki da ita. Rikodin da aka ɗauka a kan dutsen da ke fili, gindi mai roba ake sa masa. Wanda aka ɗauka a cikin rami, gindi ƙaƙƙarfa. In ka musanya su, igiya za ta maƙale tana kai da kawowa a cikin ƙasarka, ruɓanyawa ta fito ta ƙarya.

Mataki na takwas: karanta sakamako da zargi

Fara duba gocewa mafi girma a kowane zurfi. In shimfiɗa ɗaya siririya ta kwashe kashi 5 sauran suna 0.1, duba ko da gaske take ko kuwa tsalle ne a jerin Vs ɗinka. Duba ƙololuwar ruɓanyawa: tana kusa da lilon da ka lissafa da biro, ta ɗan gusa sama? In ba haka ba, akwai kuskure a shigarwa. Idan girgizar doron ƙasa ta fito ƙasa da ta dutse kada ka yi murna, wataƙila lakar ce ta kai iyakar ƙarfinta ta goce, gocewar kuwa turakun harsashi ne za su sha ta. Shi ya sa kundin bai yarda bakan da ka samo ya gaza kashi 80 na wanda ajin filin ya bayar ba.

Sake gudanar da komai da Vs sama da ƙasa, da su sama da ƙasa, da zurfin dutse daban. Abin da za ka miƙa wa mai zanen gini tazara ce, daga nan zuwa nan. Sannan ɗauki matsin ruwan da ya taru a ƙarshen girgizar ka lissafa zaman da zai biyo baya da alƙaluman odomita. A yashi cikin sa'o'i ake gamawa, a laka mai kauri yana iya ɗaukar watanni, gini yana tsagewa bayan kowa ya manta an yi girgiza. In kuma gocewa ta yi yawa a laka mai saurin dagulewa, sake lissafin ɗaukar nauyin harsashi da ƙarfin da ya rage, ba na farko ba.

Bayan mako uku yaron ya dawo, wannan karon da takardu a hannu kafin laftof. Ya jera sakamakon odomita shida a kan darduma, ya nuna mini biyu da Δe/e0 ɗinsu ya haura 0.07, kuma su ne suka ba da OCR mafi ƙanƙanta. Da su, rabon juriya da lodi yana ƙasa da ɗaya. Ba tare da su ba, yana sama. Ya ce, "Kawu, in cire su?" Na ce ya bar su a rahoton ya rubuta dalilin shakkarsa, ya kuma nemi a ƙara rami biyu da CPT a kusurwar da suka fito. Ya ce mai aikin zai yi ƙorafin kuɗi. Na ce zai yi. Ranar Asabar ya kama hanyar Jizan da akwatin katako da ya sa kafinta ya yi masa, mai gurbi goma sha biyu a tsaye, an shimfiɗe cikinsa da soso.